Safar Gola Biyu a Gida Ɗaya

Mai Riguna yana tsugune gaban injin wanki, yana zaro gajerun wanduna yana yarfewa, sai inuwar koci ta tare ƙofar ɗakin kaya. Sunan da duk kulob ɗin ya san shi da shi ke nan, don shi ke wanke kayan 'yan wasa, ya goge, ya ninke, ya rataye. Yaran sukan ƙara masa "Baba" a gaba, musamman ranar da suke neman sabuwar safa.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, koci. Shigo mana, ka tsaya a ƙofa sai ka ce baƙo."

Koci ya shigo, ya janyo ƙofar a bayansa, abin da bai saba yi ba. Ya zauna kan buhun ƙwallaye, ya ɗauki wata safa ya yi ta jujjuya ta kamar yau ya fara ganin safa. Nan take jikin Mai Riguna ya ba shi.

Ba sai an yi duba ba. Kakar bana ta zo wa kulob ɗin da ƙafar hagu: wasa huɗu, an sha kashi uku, an yi kunnen doki ɗaya, suna can ƙasan tebur suna riƙe wa kowa ƙofa. Gobe kuma masu jar riga ne za su zo, waɗanda ke jan ragamar gasar, ba su san wani abu wai shi tausayi ba. Mutanen gari sun gama shari'a tun tuni, sun ɗora laifin gaba ɗaya a kan gola. Golan kuwa ɗan Mai Riguna ne, ɗansa na fari, wanda ake kira Muzuru saboda yadda yake dirowa da ƙwallo daga sama. A makon jiya wata ƙwallo mai sanyi, wadda ko tsohuwa za ta tare da zani, ta sulale ta tsakanin hannuwansa ta shige raga tana tafiyar hawainiya.

"Baba," in ji koci, idonsa na kan safar, "gobe rigar gola a ƙusar Siriri za ka rataye ta."

Siriri shi ne gola na biyu, ya shekara da shekaru yana ɗumama benci.

Tsarin kulob ɗin, tun kafin zuwan wannan kocin, ba a kiran sunan waɗanda za su buga. Kowane ɗan wasa yana da ƙusarsa a ɗakin canja kaya. Ranar wasa, wanda ya shigo ya tarar da rigar buga wasa a ƙusarsa, shi zai shiga fili. Wanda ya tarar da rigar benci, ya san inda zai zauna. Mutum ɗaya ne kawai yake sani tun jajibiri, wato mai ratayewa. Kuma maganar ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. Kyaftin ya sha saya masa shayi mai kauri yana zagaye-zagaye, Mai Riguna ya shanye shayin ya yi godiya.

"Na ji, koci."

"Wallahi ba wai na ƙi yaron ba ne. Ya huta wasa ɗaya ko biyu, hankalinsa ya dawo jikinsa."

"Ni dai riga nake ratayewa."

"Kuma don Allah a bar ta a nan. Siriri in ya ji yau, ba zai runtsa ba, gobe ya zo mini da jan ido."

"Ka taɓa jin ta bakina?"

Koci ya ajiye safar, ya dafa kafaɗarsa, ya fita. Mai Riguna ya ci gaba da yarfe wanduna, ya yarfe wani har ya kusa raba shi biyu. Haushi yake ji, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san koci bai yi kuskure ba.

Sai da ya zo kwashe kwandon golaye sannan ya tuna da abin da shi da kocin duk suka manta. Safar hannun gola ba ta shiga inji, zafi yana cinye robar tafin. Ɗakin kaya kuma rufin kwano ne, da rana tamkar tanda. Saboda haka duk jajibirin wasa yakan tafi gida da safar golan da zai kama, ya wanke ta da hannu, ya shanya a inuwa. Da yake shekarun nan duk Muzuru ne ke kamawa, ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin sanarwa, uba ne kawai ya tafi da safar ɗansa. Yau kuwa duk wadda ya jefa a jaka, ya yi magana.

Ya ɗaga ta Muzuru, babba, baƙa, ta ɗauki siffar hannunsa. Ya ɗaga ta Siriri, ƙarama, ruwan ɗorawa, an naɗe ɗan yatsa ɗaya da filasta, tafin ya yi santsi don datti. In ya tafi da ta ɗansa kaɗai, ya yi masa ƙarya, ya kuma tura Siriri gaban masu jar riga da hannun sabulu. In ya tafi da ta Siriri kaɗai, ai gara ya hau rufin gida da lasifika. Ya daɗe a tsaye, sannan ya cusa su duka biyun a jaka ya ja zif.

A bas ya samu wuri kusa da taga, ya ɗora jakar a cinya. Ba su yi nisa ba wani mai ƙaton agogo a kujerar gaba ya buɗe maganar wasan gobe.

"Ni fa na ce masu jar riga su yi mana adalci, su tsaya a uku."

"Uku?" in ji kwandasta. "Da wannan golan? Ai rariya aka rataye mana a raga."

Motar ta kwashe da dariya. Wata mata da kwandon kayan miya ta ce ita dai ba ta san ƙwallo ba, amma mijinta ya ƙi cin abinci ranar wasan makon jiya, don haka ita ma tana da ƙorafi.

"Da can yana kamawa," wani dattijo ya sa baki. "Bara ba shi ya hana mu faɗuwa ba?"

"Bara ta wuce, Baba. Yanzu ko jariri aka miƙa masa sai ya suɓuce."

Mai ƙaton agogo ya waiwayo ya kalli Mai Riguna. "Malam, kai ba ka ce komai ba. Ko kai ma na masu jar riga ne?"

"Ni wanki nake yi," in ji Mai Riguna.

Ya sauka tun kafin a kai layinsu, ya ƙarasa da ƙafa.

Yana tura ƙofar gida ya tarar da matarsa a tsakar gida tana guga a kan tabarma. Sabon mayafi ne, kore shar, kalar rigar kulob ɗin. Sai yanzu ya tuna. Matar nan ba ta taɓa taka filin wasa ba. Kullum cewa take ba za ta iya zama tana kallo ƙarti suna harbin ɗanta da ƙwallo ba, ranar wasa ko rediyo kashewa take. Amma Muzuru ya yi ta lallashinta duk makon nan, wai in tana wurin hannunsa zai dawo, har ta amsa.

"Sannu da zuwa, Malam. Dubi, ya yi? Mai shagon ya ce irinsa magoya baya suke saya."

"Ya yi kyau." Ya ajiye jakar. "Sai dai an ce gobe za a yi rana sosai."

"Yau aka fara rana?"

"Ga cunkoso. Ga ƙafarki."

Ta dangwarar da dutsen gugar ta dube shi. "Shekara nawa kana cewa ni kaɗai ce uwar ɗan wasan da ba ta zuwa kallo? Yau na ce zan je, kuma ka tuna ina da ƙafa. Ko akwai wadda kake ɓoyewa a can ne?"

"Wa zai kula tsoho mai warin sabulu?"

"Ni ba na kula ba?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ɗauki roba ya nufi famfo. Ya sirka ruwa ya zama ɗumi-ɗumi, ya wanke ta Muzuru tukuna, yana murza tafin da babban yatsa a hankali. Hannun nan ya san shi tun yana iya rufe shi a tafinsa ɗaya. Shi ya fara jefa masa ƙwallon tsumma a wannan tsakar gidan, yaron yana faɗawa kan siminti yana tashi da dariya. Da ya gama ya ɗauko ta Siriri. Ita ta fi cin ruwa, sai da ya canja sau da yawa kafin robar ta fara kama yatsa. Bai rage mata komai ba, ya wanke ta kamar yadda ya wanke waccan.

Wurin shanya ne ya tsayar da shi. Gidan duk rana ce, in ban da wani lungu a bayan tankin ruwa, inda ya ɗaura 'yar gajeriyar igiya tun shekarun baya. Safar mutum ɗaya take ɗauka, ba ƙari. Nan ne wurin safar golan da zai kama, kuma kowa a gidan ya san haka. Ya tsaya da safa a kowane hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarsa. Ya san abin da aikinsa ya ce ya yi. Hannunsa ne ya ƙi. Ya maƙale ta Muzuru a inuwa kamar kullum, ya kai ta Siriri can ƙarshen doguwar igiya, ya ɓoye ta tsakanin zannuwan gado, inda ranar la'asar take dukanta sosai. Ya koma ya zauna a kujera yana jin kunyar kansa.

Ba a jima ba Muzuru ya shigo da sallama, ya sunkuyar da kai saboda ƙofar ta yi masa gajarta. Ya gaida uwarsa, ya yaba mayafin har ta ce ya isa haka. Ya durƙusa ya gaida ubansa.

"Baba, ya aiki?"

"Da godiya."

Ya miƙe ya nufi famfo zai wanke fuska. Ya leƙa bayan tanki, ya ga safarsa, ya ɗan taɓa ta kamar yadda ya saba. Yana juyowa iska ta ɗaga zanin gado. Ruwan ɗorawa ba kalar ɓuya ba ce.

Ya tsaya. Mai Riguna ya kafa wa ƙasa ido. Famfo yana ta zuba ba wanda ya kashe. Muzuru ya taka a hankali ya je ya ɗage zanin, ya kalli 'yar safar, ya kalli filastar da ke yatsan. Ya daɗe yana kallo.

"Baba."

"Na'am."

"Tun yaushe ake shanya safar gola a rana?"



Muzuru ya cire maƙalan, ya ɗauki safar Siriri ya kai bayan tanki. Ya sauke tasa, ya rataye waccan a wurin, ya gyara yatsun ɗaya bayan ɗaya don iska ta shiga. Sannan ya kashe famfon.

"In ta bushe a rana tsagewa za ta yi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mutanen nan kuma daga nesa suke bugowa. Kai ka koya mini."

"Ni ban ce maka komai ba."

"Ni ma ban tambaye ka ba, Baba."

Idon Mai Riguna ya cika. Tausayin yaron ya kama shi, ga kuma wani alfahari da bai taɓa ji ba ko a ranakun da filin wasa ke kiran sunan Muzuru. Ya ɗauko hularsa ya yi kamar yana kaɗe ta.

Uwar ba ta lura da komai ba, tana can tana ninke mayafinta. Ta ɗago kai.

"Kai, zo ka gaya mini tun yanzu, kada in je in yi ta raba ido. Babanka ya ce wurin da girma. Ta ina zan zauna? Bayan ragar taka?"

Muzuru yana tsaye da jiƙaƙƙiyar safarsa a hannu, tana ɗiga a siminti. Ya kalli ubansa, ya kalli koren mayafin.

"A'a, Mama," ya ce. "Ki zauna bayan benci. Gobe nan za ki fi ganina."