Jan Tsumma a Kan Toka

A jujin bayan gari akwai wata doka da ba hukuma ce ta kafa ta ba. Duk wanda ya ga tsibin sharar da wuta ke ci ta ƙarƙashi, sai ya ɗaura jan tsumma a kara ya soka a kai. Wutar juji munafuka ce. Sama farar toka ce lumui, ƙasa kuwa garwashi da narkakkiyar roba, sai ta yi makonni tana ci ba hayaƙin kirki. Masu tsince-tsince sun saba da sukan allurar asibiti da yankan kwalba da tarin da ba ya warkewa, amma wannan kam suna tsoronta.

Mai Buhu Biyu ne ya lalata dokar, wani mutum da haɗama ta yi wa katutu. Da tifa ta juye kaya ya hango wayar tagulla, sai ya yi wuf ya kafa jan tsumma, kowa ya kauce, shi kuma ya zagayo daga baya ya kwashe. Da asirinsa ya tonu, mutane suka daina yarda da tsumma, har ana raha ana cewa inda ja yake nan arziki yake.

Haka yayar wata mai tsince-tsince da ake kira Auta ta taka tsibin da tsummansa na gaskiya ne. Ta nutse har gwiwa, silifas suka narke a fatarta. Auta ce ta jawo ta waje. Yanzu matar da ta goya Auta, ta koya mata bambance dalma da ƙarfe, tana kwance a ɗaki ƙafafu a naɗe, ko bayi sai an ɗauke ta. Mai Buhu Biyu ya zo dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ai kowa da idonsa. Auta ta riƙe maganar nan a ranta. Ta tsane shi, irin tsanar da ke hana loma wucewa.

Ba ta zage shi ba, kullum ma sai ta gaishe shi. Jira take yi.

Wata safiya ta soka ƙugiyarta a wani tsibi da ke gefen rami, ta zaro, ta ji bakin ƙarfen ya ɗau zafi. Ta tsaya har sai da ta tabbata Mai Buhu Biyu yana kallonta daga nesa. Ta waiga dama, ta waiga hagu, kamar mai tsoron a gan ta, sannan ta kafa jan tsumma da sauri. Guntuwar wayar tagulla da ta tsinta jiya tana leƙowa daga bakin buhunta, ba ta kuwa tura ta ciki ba.

Kafin ta yi nisa ya iso, yana washe baki.

"Ƙanwata, me aka ɓoye a nan?"

"Wuta ce a ƙasa," in ji Auta. "Kada ka hau."

Ya dubi wayar, ya dubi tsumman, ya yi dariya har da tari. Ya ce shi da ya ƙago dabarar ba shi za a yi wa ita ba. Ta sake faɗa masa, da ƙarfi wannan karon, yadda matan da ke tsinta a kusa suka ji. Ya fizge karan ya yar, ya hau.

Auta ta ji ihunsa a bayanta. Ba ta juya ba sai da ta ga maza sun ruga da katako, kuma ba za ta ce ranta bai yi sanyi ba.

Labarin ya riga ta isa gida. Tana warware wa Yaya ƙyalle tana wanke ciwon da ruwan ɗumi, sai Yaya ta dube ta.

"Auta, kin kafa tsumman?"

"Na kafa, Yaya. Har da baki na gaya masa." Ta matse ƙyallen a kwano. "Ai kowa da idonsa."