Gilasan da Inna ta Wanke

Fiddausiya ta dawo daga kasuwar Deule ta tarar da ƙananan gilasanta jere a kan faifai, suna ta ƙyalli a rana. Mahaifiyarta Habsa na ɗauraye hannu, ga toka da soso a gabanta.

"Inna, mi kinka yi musu?"

"Wanke miki su niy yi, ɗiyata. Wani maiƙo-maiƙo nig gani bisansu. Sai da nis sa toka kana ya hita."

Fiddausiya ta ɗaga gilashi ɗaya ta duba. Wannan maiƙon ai shi ne karatun nata gaba ɗaya. A ɗakin gwaji na jami'a take fesa wa gilashi wani sinadari wanda haske ke ratsa shi amma yana ɗaukar lantarki, irin na fuskar wayar hannu. Da gilasan nan za ta tsaya gaban malamai ta karɓi digirinta. Sai yajin aiki ya rufe jami'ar, rufin ɗakin gwajin kuwa tun bara yake yoyo ba mai ko ɗaga kai. Don gudun ruwan sama ta kwaso su zuwa gida.

Ta haɗa batir da ɗan ƙwan fitila, ta ɗora wayoyin a kan gilashi. Jiya ƙwan ya kama. Yau ko ƙyas. Haka ta bi su duka.

* * *

Fushi ya cika Fiddausiya, ta rasa wanda za ta sauke wa. Mahaifiyar tata tana aji biyu aka cire ta daga makaranta aka aza mata tallar fura. Wanki da toka shi aka koya mata, kuma ta iya shi sarai.

"Na ɓata, ko?" in ji Habsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ya tahi, Inna. Amma hannuna ya san hanya. Ran da anka buɗe jami'a, in sake daga farko, ko da laima zan tsaya cikin ɗakin gwajin."

Ta zaunar da ita, ta nuna mata yadda ake riƙe gilashin ta gefe-gefe don kada yatsa ya taɓa fuskarsa.

* * *

Da safe Fiddausiya ta leƙa ɗaki. Habsa na zaune ita kaɗai, ta shimfiɗa zanenta na zuwa biki. Tana ɗaukar gilasan ɗaya bayan ɗaya, ta gefe-gefe, a hankali, tana naɗewa, ko da yake babu sauran komai a kansu.