Akwatin da Malam Toma Ya Dawo da Shi

Ƙauna Bitrus ita kaɗai ta rage a shagon. Da su uku ne, ita da Felix da Stephanie. Tare suka gama karatun injiniya a Samaru, suka ƙi bin 'yan ajinsu zuwa Abuja neman aiki, suka kama wani ɗan shago a bayan kasuwa suka shiga haɗa akwatunan karatu don makarantun ƙauye. Akwatin bai fi kwalin sukari girma ba. Ana zuba masa littattafan firamare da gajerun bidiyo na lissafi da kimiyya, a jona shi da batirin sola, sai yara su kama shi da tsofaffin wayoyi su yi karatu ba tare da an sayi data ba.

Stephanie ce ta fara tafiya, aure ya kai ta Fatakwal. Felix ya daure har shekara ta zagayo, sannan ya samu karatu a Jamus. Ranar da ta raka shi tasha ya ce mata kullum za su riƙa magana, aikin ma daga can zai ci gaba da sa hannu. Ya yi hakan na 'yan watanni. Daga baya saƙonninsa suka fara gajarta, har suka koma hoton babban yatsa kawai.

Kujeru uku na nan a shagon har yanzu. Biyu ta ɗora musu kwalaye.

A tsakiyar damina ne Malam Toma ya zo. Dattijo ne mai furfura, yana koyar da aji biyar a wani ƙauye bayan Giwa, ranar Lahadi kuma shi ke karanta nassi a cocinsu. Ya shigo da jakar leda a hammata, ƙafar wandonsa duk taɓo, ya warware wani tsohon tawul ya ajiye akwatin makarantarsu a kan teburinta a hankali.

"Sannunku da hanya, Baba. Me ya same shi?"

"Ya ƙi tashi, 'yata. Tun satin da aka yi ta hadari rana ba ta fito ba. Batirin ya mutu ana cikin karatu, da wuta ta dawo sai fitilar ta tsaya ja. Na kashe, na kunna, na bar shi ya huta. Shiru."

"Kun buɗe shi?"

"Ina ni ina buɗewa. Yaran ne dai suka dame ni da tambaya."

Ta ce ya ba ta zuwa Juma'a ta sama. Ya ce zai sauka wajen 'yarsa a Palladan ya kwana, gobe ya koma, in Allah ya kai mu Juma'ar zai dawo.

Bayan ya fita ta kwance akwatin, ta jona shi da kwamfutarta. Ba ta daɗe tana karanta abin da yake rubutowa ba ta gane ciwon, domin ciwo ne da su ukun suka san da shi tun farko. Ma'ajiyar akwatin wani ɗan baƙin guntu ne da bai kai farcen babban yatsa ba, irin filashin da ba shi da komai a cikinsa mai kula da lafiyarsa. A rarrabe yake gida-gida. Ba a gyara rubutu a gida sai an share gidan gaba ɗaya, kuma kowane gida akwai iya sharar da zai iya ɗauka kafin ya lalace. Lokacin da suke sauri su kai akwatunan farko, sun yanka ma'ajiyar yanka uku da ba sa motsi: nan manhajar da ke tada akwatin, nan littattafai, nan kuma inda ake ajiye amsoshin yara. Wannan na ukun shi ke shan rubutu da shara kullum, a 'yan gidaje ƙalilan, alhali na littattafan ba a taɓa su. Gidajen suka gaji, wuta kuma ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, akwatin ya rasa inda zai kama.

A lokacin Felix ya ce su kai a haka, daga baya sa gyara. Ita ma ta yarda.

Ta san maganin. A cikin Linux, manhajar da ke tafiyar da akwatin, akwai wani tsari da ake kira UBI, wanda ke haɗe duk gidajen ma'ajiyar su zama tarin guda. Kason manhaja da na littattafai da na amsoshi suna nan da sunayensu, amma babu wanda aka kafe a wuri ɗaya. Tsarin yana riƙe da adadin sharar kowane gida, in ya ga wani ya fara jigata sai ya kwashe abin da ke ciki ya mayar wanda bai sha wahala ba, in gida ya mutu ya tsallake shi. Karantawa ta yi a kansa, ba ta taɓa yi da hannunta ba. Wannan ɓangaren aikin na Felix ne tun asali.

Ta aika masa saƙon murya, ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta tambaye shi abin da ya gani. Alamar ya ji ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Washegari ta hau keke napep zuwa Sabon Gari, don guntun da ke kan akwatin ya riga ya ci wuya, sai an sauya. Shagon Amaechi, wanda ya saba yi musu irin wannan aikin, na cikin layin masu gyaran waya, ƙarami ne, kullum yana warin dalma. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Ƙauna gudu. Ya ɗaga allon akwatin a gaban fitila yana juya shi.

"Injiniya, kwana biyu. Ina wannan dogon abokin naki mai gardama?"

"Yana Jamus."

"Ita kuma mai dariyar?"

"Fatakwal."

Ya kalle ta ta saman tabarau. Ya kunna na'urar iska mai zafi, ya ɗaga tsohon guntun da ɗan hantsaki, ya goge wurin.

"Oga Amaechi, ba ka da wanda ya fi wannan ɗaukar kaya?"

"Akwai, amma allon naki ba zai gane shi ba. Irin wannan dai, shi ma ragowa ne. Ki kwashi abin da kike so tun yanzu, ba na jin zan sake sarowa."

Yana cikin liƙa sabon guntun sai matarsa Ugomma ta kawo masa abinci a kula. Ta gaisa da Ƙauna, ta zauna a bakin benci tana ba mijin labarin abin da malamin ɗansu ya ce, suna ta musu cikin yarensu suna dariya. Suka ce ta sa hannu, ta ce ta ƙoshi, alhali tun shayin safe ba ta ci komai ba. Ta zauna da jakarta a cinya tana kallon masu wucewa har aka gama.

Kwanakin da suka biyo baya a kan lissafin wuri ta yi su. Tana son kason manhaja ya zama biyu, domin in ana sabunta ɗaya wuta ta ɗauke, akwatin ya tashi da ɗayan. Tsarin kansa kuma yana ware wasu gidaje ya ɓoye, don maye gurbin waɗanda za su mutu nan gaba. Da ta haɗa duka sai wurin ya kasa. Ta matse hotuna, ta fitar da abubuwan da ba wanda ke buɗewa, amma da saura. Dole wani abu mai nauyi ya fita.

Biyu ne a gabanta. Ko darussan kason lissafi na aji biyar, ko kuma bidiyon maraba. Shi wannan su ukun suka ɗauka a ƙofar shagon ranar da akwatin farko ya yi aiki, kuma shi ke fara fitowa duk wanda ya shiga. Ya yi tsawo fiye da kima, don Felix ya dage sai ya nuna yadda ake komai, Stephanie kuma ta kasa riƙe dariya. Ƙauna ta buɗe shi ta kalla. Ga ta nan a gefe, ta fi yanzu ƙiba, tana riƙe da akwatin a tafin hannu kamar za ta miƙa wa wani. Ta kalla har ƙarshe, ta sake mayarwa farko.

Ana cikin haka amsar Felix ta shigo. Ta ji ƙarar jirgin ƙasa a bayan muryarsa. Ya ba ta haƙuri, ya ce jarrabawa ce ta sha kansa. Ya ce shawararta daidai ce, shi ma abin da zai yi ke nan. Sannan ya ce, "Kada ki tsaya jirana a kan irin wannan, Ƙauna. Ki yi duk yadda kika ga ya dace, aikin naki ne yanzu."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ta sani. Duk da haka sai da ta kife wayar a kan tebur, ta fita ƙofar shago ta tsaya tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Wata mai dafaffiyar masara ta fake a ƙarƙashin rumfar, Ƙauna ta sayi ɗaya ta ci a tsaye. Da ta gama ta koma ciki, ta ajiye bidiyon a kwamfutarta, ta cire shi daga kayan akwatin. A madadinsa ta rubuta layi biyu na yadda ake shiga. Wurin ya isa, har da 'yar rara.

Ranar Lahadi da aka tashi daga sujada, matan zumunta suka tsaya a harabar coci suna shirya zuwa barkar haihuwa a Hanwa. Wata ta ce mata ta zo mana, ta ce akwai aiki. Ba ta koma ɗakinta na Bomo ba, shago ta wuce da kayan cocin a jikinta. Kasuwar ba kowa sosai. Ta sa akwatin ya yi ta rubutu ba tsayawa, kamar aji guda na amsa tambayoyi, sai ta fizge wayar wuta. Ta mayar. Fitilar ta yi ja, ta ɗan jima, ta koma kore. Ta sake fizgewa. Ta fizge yana tsakiyar tashi, ta fizge yana sabunta manhaja, ta fizge a duk inda take jin zai fi jin ciwo. Sau ɗaya ya daɗe a ja, sai ta ga ya bar kason da ya lalace ya kama ɗan'uwansa ya tashi.

Ta juya za ta yi magana. Kwalaye ne a kan kujerun. Ta yi 'yar dariya ita kaɗai, ta ci gaba da gwaji har la'asar ta yi sanyi.

Malam Toma ya dawo ranar Juma'a kamar yadda ya ce. Ta kunna masa a gabansa, ta ba shi wayar wutar ta ce ya cire. Ya ƙi.

"Ku cire, Baba. Ba abin da zai yi."

Ya cire yana runtse ido, ya mayar, suka jira tare har fitilar ta koma kore. Ya shiga da tsohuwar wayarsa, ya duba littafin lissafi, ya koma baya, ya sake dubawa.

"Ina hotonku da ke fitowa da farko?"

"Wuri ne ya yi kaɗan. Ko shi ko darasin kaso."

Ya gyaɗa kai. "Kason ya fi. Sai dai yaran sun haddace maganar dogon nan, har kwaikwayonsa suke yi." Ya naɗe akwatin a tawul, ya sa mata albarka, ya ce Ubangiji ya ƙara basira. Ta raka shi har bakin titi, ta tsaya sai da motar Giwa ta cika ta tashi.

An yi kusan wata guda ba ta ji daga gare shi ba. Ran nan da hantsi sai ga kiransa, layin na yankewa. Ya ce batirin ya mutu ya fi a ƙirga tun da ya koma, akwatin kuwa ko gezau. Sai dai na makarantar da ke ƙetaren rafinsu ya yi irin wancan ciwon, shugabar makarantar kuma ba ta da wanda za ta aiko.

Ƙauna ta dubi ragowar guntayen da ta kwaso a wajen Amaechi. Akwatunan da ke ƙauyuka duk yankan farko ne a cikinsu, ɗaya bayan ɗaya za su faɗi. Kai kaya aikin Felix ne a da, ita ba ta taɓa taka ko ɗaya daga makarantun ba.

"Ku ce mata kada ta aiko kowa, Baba. Zan haɗa wani in kawo da kaina, in karɓo nata."

Ranar tafiyar ta shirya jaka, ta sa kwamfuta a leda saboda ruwa, ta kulle shago. Sai da ta sa makullin a aljihu ta tuna ba wanda ya san za ta bar gari. A shagon da ke jikin nata akwai wata mai ɗinki, Omolara, wadda gaisuwa kawai ke haɗa su. Ƙauna ta leƙa.

"Anti, zan je wajen Giwa. Ƙila in kwana biyu. Ko wani zai zo nemana."

Omolara ta tsayar da keken, ta cire allurar da ke bakinta. "Ke kaɗai? A wannan ruwan? Hanyar can ba ta da kyau."

"Akwai wanda zai tare ni a bakin titi."

"To kawo lambarki." Ta lalubo wayarta a ƙarƙashin yadi, Ƙauna ta karanto mata, ta kira har ta ji ta yi ƙara a cikin jaka. "In kin isa ki kira ni. In kuma kin ga barkono mai kyau, ki riƙo mini."

Ƙauna ta ce to. Ta rataya jakar, ta tsallake kwatar da ta cika da ruwa, ta nufi inda motocin Giwa ke lodi.