Abin da Aka Samu a Ƙarƙashin Tabarmar Kaka

Rahab ta zube littattafan guda uku a gaban mijinta, a kan tarin audugar da yake dannawa cikin buhu.

"Ga abin da uwarka take ajiye mana a gida," ta ce. "A ƙarƙashin tabarmarta na same su. Dubi bangon."

Bitrus ya ɗaga na sama da yatsu biyu. A bangon an zana wata yarinyar Turawa riƙe da fitila a bakin tafki, wani dogon farin abu mai ƙahon barewa ya sunkuyo a kanta. Ya buɗe ciki. Turanci ne, shi kuwa Hausa kaɗai ya iya karantawa, ita ma a Littafi Mai Tsarki ya koye ta.

'Yarsu Liatu tana bakin turmi da taɓarya a hannu. Ba ta sake dakawa ba. Littattafan nata ne.

Makonni uku da suka wuce, ranar da aka ba su hutun makaranta, ta tsaya jiran motar Malumfashi a tashar Funtua. Wani dattijo ya baza tsofaffin littattafai a kan buhu. Ta ɗauki ɗaya ne don kawai ta sami inda za ta ɓoye idonta daga 'yan kamasho, amma sai da kwandasta ya kira ta sau uku kafin ta ji. Labarin wata yarinya ce mai ganin mutanen da ke zaune a ƙarƙashin ruwa, waɗanda duk garinsu aka rantse babu su. Dattijon ya ce jerin guda bakwai ne, uku suka zo hannunsa. Ta ba da kuɗin tsarabar gida ta kwashe su. Ba ta taɓa sanin ana rubuta irin wannan a takarda ba, har a buga shi a sa masa lamba.

A gidansu na Ƙarfi wuri ɗaya ne ba a shiga, ɗakin kakarta Atu, don haka can take ɓuya ta yi karatu bayan an gama aikin rana. A kwana na biyu tsohuwar ta tambaye ta abin da ke sa ta riƙe numfashi haka. Liatu ta fara juya mata da Hausa. Atu takan saurara ido a rufe, sa'an nan ta yi tsaki.

"Yarinyar nan ba ta da tarbiyya. Haka ake zuwa wurinsu hannu rabbana? Ko ɗan nono ba ta kai ba."

Atu Bamagujiya ce, ta yi bori tun tana budurwa. Da mijinta ya mutu, Bitrus ya ɗauko ta daga ƙauyensu na bayan Dayi bisa sharaɗi biyu. Aka ƙone kayan borinta a ƙofar coci, ta kuma yi alkawarin ba za ta taɓa yi wa jikokinta zancen iskoki ba. Ranar da ta karya, za ta koma. Can kuwa babu abin da ya rage mata sai ɗakin da rufinsa ya faɗa, da ƙanen miji da ba ya amsa gaisuwarta.

"Inna," Bitrus ya kira. "Fito."

Tsohuwar ta fito tana dogara sanda. Ta dubi littattafan, ta dubi surukarta.

"Ɗanasabe, ni da ko sunana ba zan gane a takarda ba, me zan yi da waɗannan?"

"Na hana ki kira na da wannan suna."

"Ni na raɗa maka. Wancan ɗayan a ruwa ka tsince shi."

"Ai boka ba ya tambayar ko kin iya karatu," in ji Rahab. "Cewa yake a sa a ƙarƙashin shimfiɗa. Tun da yarinyar nan ta dawo ba ta cin abinci, sai kallon bango, sai motsa baki ita kaɗai. Ni ce shugabar zumuntar mata. Da wane ido zan tsaya gabansu ranar Alhamis?"

"Da wanda kike leƙen ɗakin mutane da shi."

Bitrus ya ɗaga hannu. "Ya isa. Inna, ni dattijon ikkilisiya ne, kuma da bakinki kika yi alkawari. Gobe da safe akwai motar Dayi."

"Nawa ne, Baba."

Muryar Liatu ta fito ƙasa-ƙasa, sai da ta maimaita.

"Ka ji ko?" Rahab ta tafa hannu. "Har ta koya mata yadda za ta kare ta."

"A Funtua na saya. Kaka ba ta san komai ba."

Bitrus ya dubi 'yarsa. Sa'an nan ya miƙa mata na ukun. "Naki ne, amma a ɗakinta kuke zama da shi. Buɗe duk inda ya buɗu. Ki juya mini da Hausa, layi bayan layi. In na ji iska ko ɗaya a ciki, ta saurara ke nan, kuma na san ba ta saurara baki a rufe ba."

Littafin ya buɗu a inda ta tsaya jiya. Yarinyar ta durƙusa a bakin tafki, ta kira mai ƙahon da sunansa na ɓoye, tana roƙon ya dawo mata da ƙanwarta. Liatu ta sa yatsa a layin farko.

"Yarinyar ta durƙusa," ta ce. "Ta yi addu'a. Ta ce, ya Ubangiji, ka ga ƙanwata ta ɓata, ka komo da ita."

"Shi wannan na bango fa?"

"Shaiɗan ne, Baba. Yana bin ta yana jarabtar ta. Fitilar kuma bangaskiyarta ce."

"Shaiɗan fari fat?" in ji Rahab.

"Yakan rikiɗa," Bitrus ya ce ba tare da ya dube ta ba. "A rubuce yake. Ci gaba."

Ta ci gaba. Yatsanta yana bin Turancin, bakinta yana ɗebo abin da ta haddace a makarantar Lahadi. Inda mutanen ruwa suka yi waƙa, ta ce mawaƙan coci ne. Inda yarinyar ta sha ruwan tafkin don ta iya numfashi a ƙasa, ta ce baftisma aka yi mata. Ita kanta ta yi mamakin yadda maganar ke zuwa ba gargada, ita da malamai ke cewa sai an ciro magana daga bakinta da ƙugiya. Shafi biyu ta yi. Atu tana tsaye a kan sandarta, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Bitrus ya sauke ajiyar zuciya. Ya juya ga matarsa. "Kin tashi hankalin gida a kan littafin wa'azi. Da na kori uwata saboda ke."

"Ni dai hoton nan bai kwanta mini ba."

"Ba a tambaye ki ba." Ya karɓi littafin daga hannun Liatu, ya haɗa da sauran, ya kakkaɓe audugar da ta manne musu. "Irin wannan ba na ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma ba ne. Fasto Matta kullum yana kukan ba shi da abin karanta wa matasa. Bari in kai masa yanzu, ya duba kafin Lahadi."

Ya ɗaure su da roba a bayan kekensa, ya tura ya fita. Rahab ta ja tsaki ta shige madafa.

Atu ta jira har ƙarar keken ta ɓace. "Shi Faston naku, yana jin yaren takardar?"

"Shekara huɗu ya yi yana karatu da Turanci a Jos," in ji Liatu.

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta juya ɗakinta. Liatu ta bi ta. Ta tarar har ta sauke ƙwaryarta daga ragaya, tana ciro zannuwa daga cikin tukunya, tana haɗa kayan tafiya.

"Kaka, zan gaya musu ni ce. Zan ce ke ba ki taɓa cewa komai ba."

"Ɗazu ma kin faɗa. Yanzu kuma za su san kin iya ƙarya." Ta warware wani baƙin zane, ta miƙa mata gefe ɗaya. "Riƙe nan."

Liatu ta riƙe, suka ninke shi biyu.