Kubura a Gidan Sistoci

Badaru ne ya fara ganinsu, tun kafin kowa a ƙauyen Turba ya san da zuwansu. Yana huɗa ya hangi mata cikin fararen lulluɓi suna sauke ƙararrawa daga amalanke. Sistoci ne, Kiristoci masu zuhudu, waɗanda sunka rantse ba aure, ba barin gidan da sunka shiga sai kabari. Sunka gina ɗakuna, sunka haƙa rijiya, sunka bar ƙofarta buɗe ga kowa.

Shekarar da 'yan bindiga sunka matso, gari ya watse, kowa ya nufi garin Isa, har ladan. Badaru, da ya ga yunwa ya ga ambaliya bai girgiza ba, ya rasa dabara, don matarsa Kubura makauniya ce, ƙafafunta kuma sun mutu. Ya goya ta zuwa gidan sistoci.

Babbarsu, Uwa Rifkatu, ta tarbe su.

"Baba, aje ta. Mu ba mu zuwa ko'ina."

"Ba rashin abinci nika jin tsoro ba, Uwa. Ba ta ganin rana, ladan ya gudu. Wa za shi gaya mata lokacin salla?"

Kubura ta ce, "Tsoho, tahi! Kai da ladan yana nan ma makara kake."

Ya tafi, zuciyarsa na raya masa cewa ya jefa sallar matarsa a rijiya.

Da ƙura ta lafa ya dawo ana gab da la'asar. Ƙararrawa ta buga, amma ba bugun da ya sani ba, wannan a hankali yake. Ya leƙa, sai ga Uwa Rifkatu riƙe da buta tana zuba wa Kubura ruwan alwala, tabarma na fuskantar gabas.

Ashe Kubura ce ta koya masu awon inuwa da taku don gane lokacin salla, sistocin kuma sunka ƙara bugu na dabam domin ta, bisa nasu na addu'a.

"Ko ɗaya ba ta kuɓuce mani ba," in ji Kubura. "Kai hwa?"

Badaru ya yi tari, ya nemi buta.

Mai musu ya zo Turba ya yi musun a gaban Kubura. In ya fita da kunnensa lafiya, Badaru za shi ba shi rago.