Masu Juya Shanyar Alhaji Bature

Sakinatu ta sha kwanar masallaci tana jan igiyarta, yara bakwai kowa riƙe da ƙullinsa a jikin igiyar, ta takwas tana goye a bayanta, sai ta ja ta tsaya cak. Filin da suke wasa a kullum ya koma ruwan ɗorawa daga wannan bango zuwa wancan. An shimfiɗa tamfol har shida, an baza ɓararriyar masara a kai, ko wurin ajiye takalmi ba a bari ba. A gindin darbejiyar da take shimfiɗa tabarmarta kuwa, mai filin ne da kansa, Alhaji Bature, zaune bisa kujera da sanda a kan cinya.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sa yaran ma suka gaida shi, kowa da irin tasa Hausar. Alhaji ya amsa sama-sama, idonsa na kan ƙafafunsu. Mutum ne wanda ba a san shi da mugunta ba, amma da kaka ta yi sai ya riƙa kallon duk abin da ke motsi a matsayin abokin gābar masara.

"Sakinatu, shekara biyu ban ce miki komai ba," in ji shi. "Bana sito ya cika, nan zan yi shanya. Ki ba ni mako uku, ki kwashe rundunarki."

"Baba Alhaji, ko gefen bishiyar nan ne."

"Ko gefen inuwarta."

Mako uku a bakin Alhaji ba komai ba ne, amma a wurin Sakinatu shi ne ƙarshen sana'a. Ɗaki ɗaya gare ta a gidan haya a nan Malumfashi, tsakar gidan kuma bai fi a shanya zane huɗu ba. Mai gidan, Hajiya Maijidda, ta yarda ta riƙa raino ne bisa sharaɗi guda: daga tara zuwa azahar kada ta ji kukan yaro ko ɗaya, domin hawan jininta ba ya son hayaniya. Ranar da aka yi ruwa a watan jiya yaran suka wuni a ciki, sai da Hajiya ta ce in aka sake, kowace uwa ta zo ta ɗauki nata. Iyayen kuwa, daga malaman makaranta sai ma'aikatan asibiti, don wannan fitar suke kawo mata 'ya'yansu. Glory, uwar Micah, ta faɗa mata tun ranar farko cewa ta gaji da wuraren da ake jera yara gaban talabijin kamar buhuna.

Ta juya igiyar. Ta gwada filin firamare, mai gadi ya ce ana karatu, ba a shiga. Ta leƙa bayan kasuwa, ta tarar da motocin hatsi suna ribas babu mai duba baya. A bakin titi ɗan acaɓa ya kusa yin gaba da hular Mus'ab. Wajen sha ɗaya rana ta fara cizo, Atu ya saki ƙullinsa ya zauna a ƙasa ya ce shi ya gama tafiya, Aisha Humaira ta taya shi da kuka. Sakinatu ta ji kamar ita ma ta zauna ta taya su. Babu inda ya rage sai gida, hanyar gida kuma ta gaban filin ta bi.

Abin da ta tarar ya so ya ba ta dariya, duk da halin da take ciki. Alhaji Bature ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, yana tsakiyar tamfol na farko yana jan ƙafa cikin masara don ta ƙasa ta dawo sama ta sha rana. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da daina yi masa biyayya, taku uku sai ya tsaya ya dafa ta. 'Yan ƙwadago duk suna gona wajen yankan dawa, ba a samun ko ɗaya a gari a irin wannan lokaci. Awakin unguwa kuwa sun gano haka. In ya kora su daga gabas sai su zagaya ta yamma, kaji na biye da su.

Sakinatu 'yar manomi ce, a Tsiga ta tashi. Ta san shanyar da ba a juya ba sama take bushewa, ƙasa ta yi gumi, a buhu kuma ta yi fumfuna. Ta kuma san wa mahaifinta yake sawa wannan aiki, domin ƙafarta ta sha yi tun ba ta kai ƙugunsa ba. Ta dubi tamfol biyar da ba a taɓa ba, ta dubi ƙafafu goma sha huɗu da ke bayanta.

"Baba Alhaji, ka fito ka huta. Ga ma'aikata na kawo maka."

Ya ɗago yana haki. "Waɗannan? Su watsa mini ita cikin ƙasa?"

"Ka ba ni tamfol ɗaya. In ƙwaya goma ta fita waje, ba za ka sake ganinmu ba sai ka kwashe."

Ya sake dafa gwiwa. Gwiwar ce ta yanke hukunci, ta kai shi kan kujera.

Ta zaunar da su a jere, ta cire musu takalma, ta wanke kowace ƙafa da ruwan jarkarsu, ta goge da gefen zaninta. Sannan ta kafa doka da muryar da suka san ba ta wasa da ita: ba a ɗaga ƙafa, ba a sakin igiya, duk wanda ya kai masara baki ko hanci ya fito ke nan. Zaharaddeen, wanda bai cika biyu da rabi ba kuma komai ya gani sai ya ɗanɗana, ta ɗaure shi da aikin riƙe gefen zaninta inda idonta ke kansa. Ta gyara goyo, ta shiga gaba, ta ce wannan tirela ce ta ɗauko kaya za ta Funtua, Micah ne direba.

Tirela ta tashi. Masara ta ɗumama, tana yi musu cakulkuli a tafin ƙafa, sai dariya ta ɓarke tun daga gaba har baya. Atu da ya ce ya gama tafiya shi ne mai ƙarar inji. Suka kai ƙarshe, suka yi kwana, suka dawo, a bayansu kunyoyi na fitowa ƙanana, kusa da kusa, irin waɗanda ƙafar babba ba ta iya yi. Ga su babu nauyi, ko ƙwaya ɗaya ba ta fashe ba. Wata akuya ta miƙo wuya, bakwai ɗin suka kwatsa mata tsawa lokaci guda, ta fita a guje har tana ture 'yarta.

Alhaji ya taso da sandarsa ya zagaya gefen tamfol yana duban ƙasa, da gaske neman ƙwaya goman yake. Ya tsinci huɗu. Ya cusa hannu cikin kunya, ya damƙo, ya murza, ya jefa ɗaya a baki ya ciza. Sai ya nuna tamfol na biyu da sanda ba tare da ya dubi Sakinatu ba.

Ba ta bari sun yi shida a jere ba, ko da Alhaji ya so haka. Bayan kowane biyu sai ta fito da su inuwa, a sha ruwa, a ci ƙosai, a kwanta a yi birgima. Da ya ce rana na wucewa, ta ce masa ma'aikatanta ba sa aiki sai sun ga dama, kuma wasa suka fito. Ya yi ƙwafa, amma shi ya janye kujerarsa ya ba tabarma wuri. Kafin lokacin azahar an juya duka, wanda aka fara da shi har sau biyu, kuma Aisha Humaira ta yi barci da kanta a kan ƙafar Alhaji, ya kasa motsi don kada ta farka.

Daɗi ya cika Sakinatu har ta rasa inda za ta sa shi. Tana ɗaura wa Mus'ab takalmi ta ce, kamar ba da wata manufa ba, "To in an kwashe shanya fa, Baba Alhaji?"

"Wa ya kore ku da? Fili na nan. Bayan masara akwai waken suya, shi ma yana son juyi." Ya gyara hula. "Gobe ku zo da wuri, tara ta yi rana."

"Gobe Asabar ce, suna gidajen iyayensu."

Alhaji Bature ya dubi tamfol shida, ya dubi awakin da suka yi layi a bakin bango suna jiran a watse.

"Jibi fa?"

"Lahadi."

Ya shafa gwiwa. Yaran suka kama igiya, kowa ya nemi ƙullinsa, Sakinatu ta ɗauki jarka ta yi masa sallama. Sun kusa kwanar masallaci ta ji muryarsa daga baya, ya sassauta ta kamar mai neman alfarma a ofis.

"Sakinatu, iyayen nan nasu, ba a iya yi musu magana?"