Mamaci a Layin Masu Ciwon Ido

"Sake ɗora shi, Baba," in ji ma'aikaciyar asibiti.

Babba ya sake ɗora katin a kan gilashin. Na'urar ta yi ƙara, ta kawo jan haske. Shi bai ga jan ba, don yanar ido ta rufe masa gani, komai dishi-dishi yake gani. Matarsa ce ta gani, ta ƙara riƙe masa hannu.

Ma'aikaciyar ta dubi allo, ta dube shi, ta sassauta murya. "Baba, mai wannan katin ya rasu tun bara."

"Wa ya rasu?"

"Kai."

"To, ashe takaba ta wuce ni ban sani ba," in ji matar. Ba wanda ya yi dariya, har ita kanta.

Magini ne shi. Su tagwaye ne, shi da ƙanensa, tun suna yara ake ce musu Babba da Ƙarami. Tare suka koyi gini, tare suka tsufa a kan tsani, siminti ya cinye musu zanen yatsu har ya zama kamar bayan cokali. Da hukuma ta kawo sabon tsarin shaida, wanda mutane ke kira Sarƙa, na'ura ta kasa karanta yatsunsu, aka ce kati da fuska sun isa. Fuska kuwa guda ce. Karatu babu wanda ya yi a cikinsu, sai suka ɗiga wa katin Babba shuɗin fenti, suka jefa duka biyun a gwangwanin ƙusoshi da ke cikin akwatin kayan aiki. Ƙusa kuwa ba ta barin fenti ya zauna.

Ranar da Ƙarami ya faɗo daga bene, Babba ya zura hannu a gwangwani, ya zaro kati, ya bi motar asibiti da gudu. Ƙarami bai kai yamma ba. Sai yau, a gaban wannan gilashi, Babba ya gane katin wa ya miƙa a ranar.

"Ku je ofishin rajista," in ji ma'aikaciyar. "Amma ku yi sauri. Likitan idon baƙo ne, yau zai gama ya tafi. Wanda ya rasa yau sai ya koma ƙarshen layi, ni ma ban san inda ƙarshen yake ba."

Suka shiga bas. Matar ta zaunar da shi kusa da taga, ko da yake tagar ba abin da za ta nuna masa. Rabonsa da hawa tsani tun lokacin da ya kasa ganin igiyar awo, ya ɗora layin bulo a karkace, mai gida ya sa aka rushe a gaban yaran da shi ya koya musu aiki. Ba ya son komai a duniya yanzu sai ya sake ganin igiyar nan a miƙe.

Ofishin rajista tsaf yake, babu turereniya, babu masu raɗa a lungu. A bango an kafa wani makeken allo, rubutu yana gudu a kai. Matar ta ce masa duk abin da ma'aikaci ya shigar nan take yake fitowa da sunansa, kowa ya gani.

Akawun da suka samu mutum ne mai furfura a gemu, ya ba su kujera, ya saurara har ƙarshe.

"Ɗana, ka goge kawai," in ji Babba. "Ga ni zaune. Taɓa ni ka ji."

"Baba, na gan ka. Amma ba a gogewa. Kai magini ne, ko? Idan gini ya kai sama, kana iya zare bulon da ke ƙasa?"

"Sai dai a rushe."

"To haka take. Kowane rubutu an ɗaure shi da na bayansa, kuma ba a nan kaɗai yake ba, yana cikin dubban na'urori a lokaci guda. Ko shugaban wannan ofis bai isa ya taɓa ba. Don haka aka yi ta, don kada wani babba ya ƙirƙiri mutanen boge ko ya shafe na gaske."

"Ai abu ya yi kyau," in ji matar. "Ga na gaske nan an shafe."

Akawun ya ce akwai hanya guda: ba a cire kuskure, amma ana ɗora gyara a kansa. Sai likitan da ya shaida mutuwar ya shigar da kansa cewa ya yi kuskure, maganar ta hau allo da sunansa, ta zauna har abada. Bayan haka kwamiti ya zauna.

Ya taimaka ya kira asibitin a waya. Aka ce likitan ya koma wani gari. Aka samo shi da ƙyar. Babba yana jin muryarsa ƙasa-ƙasa daga wayar: shi katin da aka ba shi ya yi aiki da shi, fuska ta dace, ba zai rubuta wa kansa laifin wani ba, ya yi haƙuri.

A da, in irin wannan ta taso, mutum ya san ƙofar da zai durƙusa. Ka nemi wanda ya san wani, ka yi magiya, a zage ka, a wulaƙanta ka, amma a ƙarshe akwai mai idon da zai ji kunyarka. Yau ba wanda ya zagi Babba. Kowa sannu Baba, yi haƙuri Baba. Ya juya kai yana neman wanda zai roƙa, babu, sai hasken allo da ke wucewa ta cikin yanar idonsa.

"Ɗaya katin fa?" akawun ya tambaya, yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Babba ya dafa aljihun ƙirjinsa. Tun ranar jana'iza yake yawo da shi, a zatonsa na ƙanensa ne ya tafi, nasa ne ya rage. Daga baya asibiti suka dawo da wancan, ya haɗa su wuri guda, yau kuwa wancan ɗin hannunsa ya zaro.

"Sarƙa ta san mutum ɗaya mai rai da wannan fuskar," in ji akawun a hankali. "Ni ban ce komai ba. Amma ka sani, abin da ya hau ya hau. In ka shiga da shi sau ɗaya, babu fita."

Suka hau bas ɗin komawa asibiti. Matar ta ce, "Matar Ƙarami fa? Za a ce mijinta yana nan."

"Tun bara ake cewa haka. Mu ne ba mu sani ba."

"To ni fa?"

Ya murza yatsunsa masu santsi a kan katin.

Rana ta karkata lokacin da suka isa. Benci ya kusa zama fanko, wata ma'aikaciya ce daban a teburin. Babba ya tsaya ya daɗe, sannan ya ɗora ɗaya katin. Na'urar ta dubi fuskarsa, ta yi ƙara mai daɗi.

"Kore ne," matar ta raɗa masa.

Suka zauna. Can aka leƙo daga ɗakin aiki, aka kira sunan ƙanensa, cikakke, har da na mahaifinsu. Rabon da ya ji an ɗaga murya da sunan nan tun a bakin kabari. Ya waiga yana jiran wanda zai amsa. Aka sake kira. Matar ta taɓa shi da gwiwar hannu.

"Na'am," in ji shi, ya miƙe.

Ta kama hannunsa za ta raka shi, ma'aikaciyar ta tare ta a bakin ƙofa, tana riƙe da ƙaramin allo.

"Sai na shigar da mai rakiya, Mama. Ke wace ce gare shi?"

Matar ta dubi tsohon da ta aura tun gashinsa yana baƙi. Shi bai iya ganin fuskarta ba, ya dai ji hannunta ya saki nasa.

"Matar wansa ce," ta ce. "Marigayi."